Ninkuwar Kundin Gado a Tsirrai

Ninkuwar kundin gado yanayi ne da tsiro ke ɗauke da cikakkun jerin kuromosom (zaren da ke riƙe da bayanan gado) fiye da biyu a kowace ƙwayar halittarsa. Bisa al'ada jeri ɗaya daga uwa yake, ɗaya daga uba: gero na da kuromosom 14, albasa 16, dawa 20, shinkafa 24, duk jeri bibbiyu. Amma wani lokaci rabon da ake yi wajen samar da garin fure ko ƙwan iri yakan faskara, ƙwayar ta tafi da kayanta ba a raba ba, sai tsiron da ya fito ya tashi da jeri uku ko huɗu.

Alfadari ya isa misali. Doki na da kuromosom 64, jaki 62, ɗansu kuwa 63, waɗanda ba sa daidaituwa biyu-biyu, shi ya sa ba ya haihuwa. Haka barbarar tsirrai biyu mabambanta kan mutu ba zuriya. To amma idan kundin ya ninku, kowane kuromosom ya sami abokinsa, haihuwa ta dawo, sabon jinsi ya kafu cikin ɗan lokaci. Wannan ƙofa a buɗe take ga tsirrai fiye da dabbobi nesa ba kusa ba.

Alkamar burodi, wadda ake shukawa da hunturu a filayen noman rani na Sakkwato, ta wannan ƙofar ta shigo har sau biyu. Ciyayin daji biyu suka haɗu aka sami alkama mai kuromosom 28. Kimanin shekara 8,000 zuwa 10,000 da suka wuce, ita ma ta haɗu da wata ciyawar a yankin Tekun Kasbiyan da ke arewa da Iran, aka sami mai 42, wato jeri shida. Daga ciyawa ta ukun nan ta gaji yauƙin da ke sa ƙullun burodi tashi.

Gyaɗa na da 40, daga kakanni biyu na daji a Kudancin Amurka masu 20 kowanne. A nan akwai abin damuwa: ninkuwar ta raba ta da danginta na daji, gadonta ya ƙuntata, masu inganta iri na shan wuya wajen shigo mata da juriyar cuta daga wurinsu. Audugar da aka fi nomawa a duniya na da 52, dankalin Hausa 90.

Akwai kuma tsohuwar ninkuwa da ta ɓoye. Kundin masara ya ninku bayan rabuwarta da dawa miliyoyin shekaru da suka shige, daga baya ta zubar da yawancin kwafin da ya maimaitu, ta dawo 20. Wanda ya rage yakan kama sabon aiki, tunda na asali yana riƙe da tsohon.

Tun 1937, lokacin da masana tsirrai biyu, Blakeslee da Avery, suka nuna cewa sinadarin kolcisin na ninka kuromosom, masana ke yin hakan da gangan. Kankana marar 'ya'ya, mai kuromosom 33, ta wannan hanya aka samo ta.