Yafe bashin karatu saboda nakasa a Amurka: ina aka kwana kan haraji?

A dokar harajin Amurka, bashin da aka yafe wa mutum kuɗin shiga ne. Shi ya sa kafin 2018, idan nakasa ta hana mutum aiki aka yafe masa, a ce, dala 40,000 na bashin karatu, hukumar haraji ta IRS kan ɗauka ya samu wannan kuɗi a shekarar. Wanda ko fita nema ba ya iya yi, sai ga takardar haraji ta dubban daloli a ƙofarsa. Wannan rashin adalci ne ƙarara.

Dokar haraji ta 2017 ta cire harajin tarayya daga bashin karatun da aka yafe saboda mutuwa ko cikakkiyar nakasa ta dindindin, daga 1 ga Janairun 2018 zuwa ƙarshen 2025. Dokar da aka sanya wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta cire wa'adin, da sharaɗin mutum ya rubuta lambarsa ta Social Security (lambar shaidar mutum da hukumar fansho da tallafin nakasa ta Amurka ke bayarwa) a takardar harajinsa.

Inda ake tuntuɓe shi ne ƙofar da aka bi. Sassaucin na shirin TPD ne, wato shirin gwamnatin tarayya na yafe bashin karatu saboda cikakkiyar nakasa ta dindindin, wanda ake shiga da shaidar ma'aikatar tsoffin sojoji, ko ta hukumar Social Security, ko ta likita cewa lalurar ta kai wata 60, ko za ta kai, ko za ta iya zama ajali. Amma mai nakasar da ya haƙura yana biyan bashin gwargwadon abin da yake samu har aka yafe ragowar bayan shekara 20 ko 25, daga 2026 harajin tarayya na iya hawa kansa, domin rangwamen da wata doka ta 2021 ta yi na cire haraji daga irin wannan yafewa ya ƙare. Duk wanda ya cancanci TPD, kada ya yi jinkiri.

Jihohi kuwa kowace da tata dokar. A tuntuɓi ofishin harajin jihar.

Idan fom 1099-C, wato takardar sanar da bashin da aka yafe, ya iso (ana aika shi kan bashin dala 600 zuwa sama), ba shi ke nuna ana bin mutum haraji ba. A adana shi tare da wasiƙar amincewar TPD. Wanda kuma ya karɓi sabon bashin karatu na tarayya cikin shekara 3 bayan yafewar da aka yi da shaidar likita ko Social Security, za a iya maido masa da tsohon bashin.