Sake gina ƙungiyar Cleveland Browns (2016–2018)

Sake gina Cleveland Browns shi ne shirin da shugabannin wannan ƙungiya ta ƙwallon ƙafar Amurka suka ɗauka daga watan Janairun 2016. Sun rabu da manyan 'yan wasansu, suka tara damar zaɓen matasa da kuɗin albashi, da nufin kafa sabuwar tawaga daga tushe. A kakar wasa biyu da suka biyo baya ƙungiyar ta buga wasa 32, ta ci ɗaya tak. Shirin ya raba kan magoya bayanta gida biyu, kuma har yau da shi ake kafa misali a duk lokacin da aka tayar da batun ko ya dace ƙungiya ta haƙura da shan kashi na ɗan lokaci don ribar gaba.

Asalin ƙungiyar

Browns ƙungiya ce ta birnin Cleveland da ke jihar Ohio, a bakin Tafkin Erie. Ta fara wasa a 1946 ƙarƙashin koci Paul Brown, ta shiga NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka, a 1950, ta ɗauki kofi a 1950, 1954, 1955 da 1964. Tun daga nan ba ta sake ɗauka ba, kuma ba ta taɓa zuwa wasan ƙarshe na Super Bowl ba. Bayan kakar 1995 mai ƙungiyar, Art Modell, ya kwashe 'yan wasa da ma'aikata ya koma Baltimore. Birnin ya riƙe suna da launi da tarihi, aka sake kafa ƙungiyar a 1999. Daga wannan shekara zuwa 2015 sau ɗaya kawai ta kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale, a kakar 2002. Attajiri Jimmy Haslam ya saye ta a 2012, ya yi ta sauya masu horarwa da manajoji. Da kakar 2015 ta ƙare da nasara 3 da rashin nasara 13, sai ya sallami koci Mike Pettine da manaja Ray Farmer.

Dokokin da suka ba shirin hanya

Mai kallon gasar Firimiya ta Ingila zai yi mamakin yadda ƙungiya za ta yi shekara biyu tana faɗuwa ba ta nutse ba. Dalili shi ne a NFL ba a saukar da kowa zuwa ƙaramin rukuni. Ƙungiyoyi 32 ne, kuma su ne dai kowace shekara. Hasali ma wadda ta zo ta ƙarshe ita ake ba damar farko a zaɓen matasan da suka fito daga jami'o'i, wanda ake yi zagaye bakwai a ƙarshen watan Afrilu. Ana cinikin waɗannan damammaki kamar haja: ƙungiya na iya ba da gurbi na biyu ta karɓi gurabe uku ko huɗu na ƙasa da shi, har da na shekaru masu zuwa.

Sannan akwai iyakar albashi. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 53, kuma jimillar abin da za ta biya su ba zai wuce adadin da gasar ta yanke ba, wanda a 2017 ya kai dala miliyan 167. Abin da ba a kashe ba a bana ana iya ɗaga shi zuwa baɗi. Matashin da aka zaɓa kuma albashinsa ƙayyadadde ne na shekara huɗu, ƙasa da na tsohon hannu nesa ba kusa ba. Waɗannan dokoki su suka sa wasu ke ganin cewa zama a tsakiyar tebur ya fi zama a ƙasansa illa, domin na tsakiya bai samu kofi ba, bai kuma samu gurbin zaɓe mai kyau ba.

Mutanen da aka damƙa wa aikin

Haslam ya ba Sashi Brown iko a kan jerin 'yan wasa. Brown lauya ne da ya yi karatu a Harvard, kuma shi ne babban lauyan ƙungiyar tun 2013. Haslam ya kuma ɗauko Paul DePodesta, wanda ya yi suna a wasan besbol da amfani da lissafi wajen gano 'yan wasa masu araha a ƙungiyar Oakland Athletics. Koci kuwa shi ne Hue Jackson, tsohon hannu da ya taso daga Cincinnati Bengals. Tun ranar da aka yi wannan haɗi masu sharhi suka lura cewa an ɗaura aure tsakanin masu alƙaluma da mai aiki da ido da gogewa, ga shi kowannensu kai tsaye yake kai rahoto ga mai ƙungiya.

Yadda aka aiwatar

A watan Maris na 2016 kwantiragin 'yan wasa huɗu na sahun farko ya ƙare, aka bar su suka tafi: Alex Mack, Mitchell Schwartz, Travis Benjamin da Tashaun Gipson. A watan Afrilu ƙungiyar tana riƙe da gurbi na biyu a zaɓe, tana kuma matuƙar buƙatar kwatabak, wato mai jefa ƙwallo wanda shi ke jagorantar hari, matsayin da ya fi kowane muhimmanci a wannan wasa. Sai ta sayar da gurbin ga Philadelphia Eagles, waɗanda suka ɗauki kwatabak Carson Wentz da shi. Browns ta sauka zuwa na takwas, ta sake sauka zuwa na 15, ta ɗauki Corey Coleman. A wannan shekara ta zaɓi matasa 14, cikinsu har da Emmanuel Ogbah, haifaffen Legas. Kakar ta ƙare da nasara ɗaya da rashin nasara 15. Nasarar ita ce wadda aka samu a kan San Diego Chargers da ci 20 da 17 ranar 24 ga Disamba.

A Maris na 2017 aka yi cinikin da ya fi bayyana tunanin shugabannin. Houston Texans na neman rabuwa da kwatabak Brock Osweiler saboda albashinsa na dala miliyan 16. Browns ta yarda ta ɗauki wannan nauyi, da sharaɗin a haɗa mata da gurbin zagaye na biyu na 2018. Ba ta da niyyar amfani da Osweiler, kuma ta sallame shi kafin a fara kaka. A taƙaice, ta sayi gurbin zaɓe ne da kuɗi, abin da ba a saba gani ba a NFL.

Wata guda bayan haka ta ɗauki Myles Garrett, mai farautar kwatabak ɗin abokan hamayya, a gurbi na farko. Tana kuma da gurbi na 12, wanda ya fito daga cinikin Wentz. Shi ma ta sayar wa Houston, waɗanda suka ɗauki Deshaun Watson. Karo na biyu ke nan a shekara biyu da ta wuce kwatabak. Ta ɗauki Jabrill Peppers da David Njoku, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, sannan a zagaye na biyu ta ɗauki DeShone Kizer ta jefa shi cikin fili tun bai nuna ba. Kizer ya fara wasa 15, abokan hamayya suka cafke ƙwallon da ya jefa sau 22, mafi yawa a gasar a wannan shekara. An sallami mai tsaron baya Joe Haden a watan Agusta, ya tafi wajen manyan abokan gaba, Pittsburgh Steelers. A Oktoba gogaggen ɗan wasanta Joe Thomas, wanda aka yi taku 10,363 na hari a jere yana cikin fili ba tare da ya fita ko sau ɗaya ba, ya ji rauni a hannu, kuma daga nan bai sake buga wasa ba. A ƙarshen watan kuma cinikin kwatabak AJ McCarron daga Bengals ya wargaje saboda takardu ba su isa ofishin gasar kafin wa'adi ba.

An sallami Sashi Brown ranar 7 ga Disamba 2017, aka naɗa John Dorsey manaja a ranar. Ranar 31 ga wata, a Pittsburgh, ƙwallo ta kuɓuce daga hannun Coleman a harin ƙarshe, aka tashi 28 da 24. Browns ta zama ƙungiya ta biyu da ta yi wasa 16 ba nasara ba canjaras, bayan Detroit Lions ta 2008.

Muhawarar magoya baya

Masu goyon bayan shirin hujjarsu ita ce ƙungiyar ta shekara goma sha bakwai tana yin faci, tana sayen tsofaffin 'yan wasa da tsada don ta ci wasa biyar ko shida, ba inda hakan ya kai ta. A ganinsu zaɓen matasa kamar jefa ƙugiya ne a ruwa, babu gwanin da ke dacewa kullum, don haka mai ƙugiya da yawa shi ya fi kama kifi. Sun ce ba a gina gida a kan ruɓaɓɓen tushe, kuma shekara biyu ba ta isa a yanke wa irin wannan aiki hukunci ba.

Masu adawa sun tsaya a kan abu uku. Na farko, kwatabak: duk tarin gurabe banza ne in babu mai jefa ƙwallo, ga shi Wentz ya haskaka a 2017 kafin ya ji rauni, Eagles ta ɗauki Super Bowl a Fabrairun 2018, Watson kuma ya fara da ƙafar dama a Houston. Na biyu, matasa ba sa koyo in babu manya a kusa da su, kuma wanda ya saba da faɗuwa tun yana sabon shiga da wuya ya warware. Na uku shi ne wanda ya fi taɓa zuciya: mutane sun biya kuɗin tikitin kaka guda, sun zauna cikin sanyin bakin tafki a sashen da ake kira Dawg Pound, suna kallon tawagar da ba a haɗa ta don ta ci wasa ba. Da yawansu ma'aikata ne da suka gaji son ƙungiyar daga iyaye da kakanni, kuma wannan ƙorafi nasu yana da nauyin da alƙaluma ba sa aunawa.

Akwai kuma rukuni na uku da ke cewa shirin ba shi da laifi, koci ne matsalar, domin 'yan wasan ba su lalace har su kasa cin ko da wasa uku ba. Jackson ya yi alkawarin cewa in aka maimaita sakamakon 2016 zai faɗa Tafkin Erie, kuma ya cika alkawarin a farkon Yunin 2018.

Saɓanin ya fito fili ranar 6 ga Janairu 2018, lokacin da kusan mutum dubu uku suka yi jerin gwano suna zagaya filin wasa cikin tsananin sanyi, don nuna fushinsu kan kakar da ba a ci ko wasa ɗaya ba. An tara gudummawa ga rumbun abincin mabuƙata na birnin. Wasu magoya baya da wasu 'yan wasa, har da Ogbah, sun ɗauki taron a matsayin cin fuska ga ƙungiyar da birnin.

Abin da gurabun suka haifar

Dorsey ya gaji dukiyar da wani ya tara, duk da cewa ya fito fili ya soki magabatansa da rashin kawo 'yan wasan kirki. A zaɓen 2018 ya ɗauki kwatabak Baker Mayfield a gurbi na farko, Denzel Ward a na huɗu, Nick Chubb a na 35. Gurbin Ward ya fito ne daga cinikin Watson, na Chubb kuma shi ne wanda aka saya da albashin Osweiler. Coleman kuwa an ba da shi ga Buffalo a madadin gurbin zagaye na bakwai.

Ranar 20 ga Satumba 2018 Mayfield ya canji kwatabak Tyrod Taylor da ya ji rauni, Browns ta doke New York Jets 21 da 17, nasara ta farko bayan kwana 635. An sallami Jackson a ƙarshen Oktoba da nasara 3, rashin nasara 36 da canjaras ɗaya. Dorsey ma ya tafi a ƙarshen 2019. Wanda ya gaje shi, Andrew Berry, yana cikin mataimakan Sashi Brown a da. A kakar 2020, ƙarƙashin koci Kevin Stefanski, ƙungiyar ta ci wasa 11, ta kuma doke Steelers 48 da 37 a zagayen sili-ɗaya-ƙwale, nasararta ta farko a wannan mataki tun kakar 1994. Garrett, Ward, Chubb, Njoku da Mayfield duk suna cikin wannan tawaga.

A nan ne hukunci ke da wuya, domin wanda ya shuka daban, wanda ya girba daban. Adalcin magana shi ne tara gurabun ya yi amfani ƙwarai, amma zaɓen 2016 bai yi albarka ba, kuma tura Kizer fili ba tare da gogaggen kwatabak a gabansa ba kuskure ne da bai zama dole ba. Babban laifi yana wuyan mai ƙungiya, wanda ya amince da shirin dogon zango sannan ya katse shi bai kai shekara biyu ba.

Bayan nan

A Fabrairun 2022 Jackson ya yi zargin cewa an tsara ladan da ke ƙarfafa faɗuwa a zamaninsa. NFL ta sa a yi bincike, kuma a watan Mayu ta sanar cewa ba a samu abin da ya tabbatar da zargin ba. A Maris na shekarar Browns ta juya wa tsohuwar dabararta baya gaba ɗaya: ta ba Houston gurabe uku na zagayen farko da wasu ƙari don ta karɓo Watson, ta ba shi kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 230 da aka lamunce masa duka, alhali mata fiye da ashirin sun shigar da ƙara a kansa kan zargin cin zarafi. An dakatar da shi wasa 11, magoya baya da dama suka yi tir da cinikin, aka tura Mayfield zuwa Carolina. Kakar 2024 ta ƙare da nasara 3 da rashin nasara 14, kuma a Maris na 2025 Haslam ya amsa cewa cinikin bai yi ba. Wata guda bayan haka ƙungiyar ta sake samun kanta da gurbi na biyu a zaɓe, ta sayar wa Jacksonville Jaguars, ta sauka zuwa na biyar ta ɗauki Mason Graham, ta kuma karɓi gurbin zagayen farko na 2026.