Kalmomin hira da na sasantawa a harshen Ingilishi

Harshen Ingilishi yana da tarin kalmomi da ke nufin mutane su zauna su yi magana da juna, kuma kowace tana da muhallinta. Akwai na hirar ɗebe kewa, irin su "conversation" da "chat". Akwai na musayar ra'ayi a kan wani batu, irin su "discussion", "debate" da "dialogue". Sai kuma na zaman da ake yi don a tsayar da maganar da za ta hau kan kowane ɓangare, wato "talks", "negotiation", "bargaining" da "parley". Abin da ya raba su shi ne nauyin da magana take ɗora wa mai ita. A wani zaman mutum kan tashi ba a bin sa bashin komai, a wani kuwa duk abin da ya furta ana iya kama shi da shi gobe. Gidajen rediyo da jaridun Hausa sukan fassara yawancinsu da "tattaunawa", shi ya sa bambancin yake ɓace wa mai sauraro.

Kalmomin hira

"Conversation" ita ce uwa a wannan rukuni. Ta shigo Ingilishi daga tsohon Faransanci a ƙarni na 14, asalinta kuma kalmar Latin ce mai nufin zama tare da mutane. Da farko ma'anarta cuɗanya ce da yadda mutum yake tafiyar da rayuwarsa cikin jama'a, kuma da wannan ma'ana aka yi amfani da ita a fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611. Sai a ƙarshen ƙarni na 16 ma'anar hira ta fara kankama. Tsohuwar ma'anar ta daɗe a bakin lauyoyi: "criminal conversation" shi ne sunan ƙarar da miji kan shigar yana neman diyya daga wanda ya nemi matarsa, har zuwa 1857 da aka soke irin wannan ƙara a Ingila. A yau kalmar tana nufin hira wadda ba a tsara mata ajanda ba, ba mai shugabantar ta, ba kuma a sa ran ta ƙare da wata matsaya.

"Chat" ta fi ta sauƙi, taɗi ne na 'yan mintoci tsakanin waɗanda suka saba. Saboda wannan sauƙin ne ake kiran jawaban da Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya riƙa yi ta rediyo daga 1933 zuwa 1944 da sunan "fireside chats", wato hirar gefen murhu. Na farkonsu, ranar 12 ga Maris 1933, a kan rikicin bankuna ne, batu mai nauyi ƙwarai, amma sunan ya sa talaka ya ji kamar shugaban yana zaune a ɗakinsa. "Small talk" kuwa 'yar maganar da ake yi ce don kada a yi shiru, galibi a kan yanayin gari, kuma aikinta ya yi kusa da na doguwar gaisuwar Bahaushe. A Ingilishin Najeriya akwai "gist". A Birtaniya kalmar tana nufin gundarin zance, a Najeriya kuwa ta koma hira da ba da labari, har da ɗan tsegumi, kuma ƙamus na Oxford ya shigar da wannan ma'ana a Janairun 2020 tare da wasu kalmomin Najeriya, ciki har da Kannywood.

Kalmomin musayar ra'ayi

"Discussion" tana da batu, amma ba dole ta kai ga yanke shawara ba. Tushenta na Latin yana nufin girgiza abu har ya wargaje, kamar dai a baje magana a duba ta ɗaya bayan ɗaya. "Debate" ita ce muhawara, asalinta daga kalmar da ke nufin bugu a tsohon Faransanci, kuma masu yin ta ba juna suke son shawo kai ba, alƙalai ne ko masu sauraro ko 'yan majalisar da za su kaɗa ƙuri'a. "Dialogue" daga Girkanci take. Mutane da yawa suna zaton tana nufin maganar mutum biyu kaɗai, alhali gaɓar farko ta kalmar tana nufin "ta hanyar" ne, don haka mutum goma ma suna iya yin ta. A siyasa da harkar addinai ana amfani da ita ga zaman fahimtar juna mai ɗorewa, wanda ba a yanka masa wa'adi ba.

Jami'an diflomasiyya suna da salon da ya kamata mai fassara ya sani. Idan sanarwar bayan taro ta ce shugabanni sun yi "full and frank discussion", a zahiri tana cewa an yi magana ba ɓoye-ɓoye, amma 'yan jarida sun daɗe da gane cewa yawanci an tashi baram-baram ne.

Daga "talk" zuwa "talks"

Harafi ɗaya tak ya raba waɗannan biyu. "A talk" hira ce ko lacca, ko kuma 'yar nasiha da uba zai yi wa ɗansa. Da zarar an ce "talks", an shiga zaman hukuma tsakanin gwamnatoci, ko gwamnati da 'yan tawaye, ko ma'aikata da masu kamfani. Amurka da Tarayyar Sobiyet sun fara zaman taƙaita makaman nukiliya a Helsinki a Nuwamban 1969 ƙarƙashin sunan SALT, kuma harafin ƙarshe na sunan yana wakiltar "talks". Zaman ya haifar da yarjejeniyoyin da Richard Nixon da Leonid Brezhnev suka sanya wa hannu a Mosko a Mayun 1972.

'Yan siyasa suna son wannan kalma domin tana da faɗi. Tana nuna ana zama da gaske, amma ba ta ce an fara ba-ni-in-ba-ka ba. Afirka ta Kudu ta nuna matakan a fili. Bayan sakin Nelson Mandela ranar 11 ga Fabrairu 1990, gwamnatin F. W. de Klerk da jam'iyyar ANC sun zauna a gidan Groote Schuur da ke birnin Cape Town a watan Mayu, aka kira zaman "talks about talks", ma'ana zaman share fage, inda aka duba batun fursunonin siyasa da dawowar masu gudun hijira. Ainihin sasantawa a kan sabon tsarin mulki sai a Disamban 1991 aka buɗe ta a taron CODESA, wanda ya haɗa gwamnati da jam'iyyun ƙasar. Akwai kuma "proximity talks", inda abokan gaba suke zama kusa da juna amma mai shiga tsakani ne yake kai da komo da saƙo. Da wannan suna aka buɗe zaman Dayton na jihar Ohio a Nuwamban 1995, wanda ya kawo ƙarshen yaƙin Bosniya.

"Negotiation" da nauyinta a shari'a

Wannan ita ce kalma mafi nauyi a cikinsu. Asalinta "negotium" na Latin, wanda aka gina daga "ba" da "hutu", wato sana'a ko kasuwanci. Ƙamshin kasuwa bai rabu da ita ba har yau: ɓangarori ne masu buƙatu daban, kowa yana da abin da zai bayar da abin da yake nema, kuma manufar zaman ita ce a ƙulla yarjejeniya. Bahaushe ya san tsarin sarai daga ciniki, inda ake tayi, a ce albarka, a ƙara, har a kai ga sallamawa. Ingilishi yana kiran cinikin kasuwa "haggling" ko "bargaining", ya bar "negotiation" ga manyan lamura irin su kwangila, albashi, iyaka da tsagaita wuta.

Kotun Duniya da ke Hague ta auna ma'anar kalmar fiye da sau ɗaya. A 1969, a shari'ar rabon ƙarƙashin Tekun Arewa tsakanin Jamus ta Yamma da Denmark da Holand, ta ce wajibi ne ƙasashen su zauna da niyyar cimma matsaya, kuma zaman ba shi da ma'ana idan ɓangare ɗaya ya kafe a kan bakansa ba ya ko tunanin sassautawa. A 2008 Jojiya ta kai ƙarar Rasha bisa yarjejeniyar yaƙi da wariyar launin fata, wadda ta tanadi zuwa kotu a kan rikicin da "negotiation" ta kasa warwarewa. A Afrilun 2011 kotun ta ce ba ta da hurumi, domin zarge-zarge da musayar baƙaƙen maganganu da ƙasashen biyu suka yi ba su kai matsayin yunƙurin sasantawa na gaskiya a kan batun yarjejeniyar ba. Boliviya kuma, wadda ta rasa gaɓar tekunta a yaƙin da ya ɓarke a 1879, ta nemi kotun ta tilasta wa Chili zaman sasantawa don ba ta hanyar fita teku. Ta kawo wasiƙu da sanarwoyi na shekaru aru-aru. Ranar 1 ga Oktoba 2018 alƙalai 12 a kan 3 suka yanke cewa nuna shirin tattaunawa daban, ɗaukar alkawarin da doka za ta riƙe daban. Wannan hukunci ya yi wa Boliviya ciwo, kuma ana iya tausaya mata, amma da kotun ta yanke akasin haka da ƙasashe sun riƙa tsoron ko da buɗe baki a gaban maƙwabtansu.

A dokar kwangila ta Ingila ma haka abin yake. A shari'ar Walford da Miles ta 1992, kotun ƙoli ta lokacin ta ce alkawarin "za mu sasanta" kawai ba abu ne da kotu za ta iya tilastawa ba. Lauyoyi kan rubuta "subject to contract" a saman wasiƙa don nuna cewa ba abin da ya ɗaure kowa sai an sa hannu, ko "without prejudice" don kada a ɗauki tayin sulhu a kai shi kotu a matsayin amsa laifi.

Tuntuɓa da sasantawa

A harkar ƙwadago ne aka fi yin rigima a kan "consultation" da "negotiation". Ta farko tuntuɓa ce: mai iko zai ji ta bakinka, amma hukuncin ƙarshe nasa ne. Ta biyu kuwa ba a zartar da komai sai ɓangarorin sun amince. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ware musu yarjejeniyoyi daban, mai lamba 98 ta 1949 a kan "collective bargaining", wato cinikin albashi da sharuɗɗan aiki da ƙungiya ke yi a madadin ma'aikata, da mai lamba 144 ta 1976 a kan tuntuɓar juna tsakanin gwamnati da ma'aikata da masu ɗaukar aiki. Beatrice Webb ta Birtaniya ce ta ƙirƙiro lafazin "collective bargaining" a 1891. Idan gwamnati ta ce ta yi "consultation" da ƙungiyoyin ƙwadago kafin ta ƙara farashin wani abu, aka fassara shi da "an cimma matsaya da 'yan ƙwadago", an yi wa ma'aikata ƙarya ko da ba da gangan ba.

Idan na uku ya shigo

Sashe na 33 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya jera hanyoyin warware rikici cikin lumana, ya fara da "negotiation", sannan bincike, sai "mediation", "conciliation" (wato sulhuntawa), "arbitration" da hukuncin kotu. A "mediation" mai shiga tsakani yana taimakawa ne kawai, kamar dattijon da ke sulhunta maƙwabta. A "arbitration" ɓangarorin sun miƙa wuya tun farko cewa abin da mai raba gardama ya yanke ya zauna. Rikicin Bakassi ya bi ta hanyoyi biyu: Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin a Oktoban 2002, sannan Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya shiga tsakani har Olusegun Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree ranar 12 ga Yuni 2006 a kan yadda Najeriya za ta janye sojojinta.

"Parley", "summit" da "palaver"

"Parley" daga kalmar Faransanci mai nufin yin magana take, tushe ɗaya da "parliament". A asali kalmar fagen fama ce, ganawar da abokan gaba kan yi bayan an ɗaga farar tuta don a daidaita sharuɗɗan miƙa wuya ko musayar fursunoni. A Birtaniya da Amurka ta zama tsohon yayi, amma tana nan daram a kanun jaridun Najeriya, inda ake amfani da ita ga kowace irin ganawa, ko ta gwamna da sarakuna, ko ta minista da 'yan jarida, ba tare da wata gaba a tsakani ba. Winston Churchill ya haɗa ta da wata kalma a jawabinsa na Edinburgh a Fabrairun 1950, inda ya nemi a yi "parley at the summit" da shugabannin Sobiyet. "Summit" ƙololuwar dutse ce, kuma daga nan ta zama sunan ganawar shugabannin ƙasashe, abin da Hausa ta kira taron ƙoli.

"Palaver" kuwa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma Ingilishi ya tsince ta a ƙarni na 18, daga "palavra" ta Fotugal mai nufin kalma. Da farko tana nufin doguwar ganawa tsakanin fataken Turai da sarakunan bakin teku a kan ciniki ko sasanta wata husuma. Turawan da ba su da haƙurin irin wannan zama, wanda kowane dattijo sai ya tofa albarkacin bakinsa, su suka karkatar da ita ta koma surutu marar amfani da ɓata lokaci, kuma da wannan ma'ana ake jin ta a Birtaniya yanzu. A Turancin buroka na Najeriya da Ghana da Kamaru ta ɗauki wata hanyar, ta zama rigima ko fitina.