Waiwaye: Yadda Awon BMI Ya Zama Alƙalin Ƙibar Maza

Mutumin da ya fito da lissafin da ake auna ƙiba da shi a asibitoci ba likita ba ne. Adolphe Quetelet masanin lissafi ne da taurari, ɗan ƙasar Beljiyam, kuma a shekarun 1830 abin da ya dame shi shi ne gano siffar matsakaicin mutum a cikin jama'a. Lissafin ba wuya: a ninka tsawon mutum na mita da kansa, a raba nauyinsa na kilo da abin da ya fito. Namiji mai kilo 80 da tsawon mita 1.75 zai tashi da 26.1.

Lissafin ya daɗe a ajiye, sai a 1972 Ancel Keys, wani masani ɗan Amurka, ya gwada shi a kan maza sama da 7,000 daga ƙasashe biyar, ya raɗa masa sunan BMI. Maza zalla, ba mace ko ɗaya. Shi kansa Keys ya ɗauke shi ma'aunin nazarin taron jama'a, amma da yake sikeli da tef kawai yake buƙata, sai ya shige ɗakin likita ya zauna.

A 1998 hukumomin lafiya na Amurka suka sauke iyakar nauyin da ya wuce kima ga maza daga 27.8 zuwa 25, daidai da matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya. Miliyoyin mutane suka kwana lafiya lau, suka wayi gari a sahun masu nauyi fiye da kima.

Inda awon ke cutar maza shi ne bai san tsoka ba, bai san kitse ba. Ɗan dambe ko mai ɗaga ƙarfe zai iya haura 25 babu teɓa a jikinsa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne siririn magidanci mai tumbi: lambarsa ta ce masa lafiya, alhali kitsen ciki ne ke tafiya da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya, kuma a ciki maza suka fi tara shi.

Shi ya sa aka koma auna ƙugu. Ga namiji, haɗari na farawa daga santimita 94, ya tsananta daga 102. A 2023 ƙungiyar likitocin Amurka ta ce kada a yi wa mutum hukunci da BMI kaɗai, a haɗa da irin wannan awon.