Mene ne kuɗin kabon da ake ta magana a kai?

Tun bayan taron sauyin yanayi na Dubai a 2023, inda Najeriya ta bayyana shirinta na buɗe kasuwar kabon, da wuya a tashi daga gangamin dashen itatuwa wani bai ambaci kuɗin kabon ba. A rediyo ma haka. Bayanin kullum ɗaya ne: dasa bishiya, Turawa su biya ka da dala. Wannan bayani yana ɓata mini rai ƙwarai, domin zai sa manomi ya sha wahala a kan alkawarin da ba haka yake ba.

Abin da ake saye da sayarwa a wannan kasuwa shi ne takardar kabon. Takarda guda tana tsayawa ne a madadin tan ɗaya na iskar kabon da aka janye daga sararin samaniya, ko aka hana ta shiga. Bishiya tana zuƙar wannan iska tana gina jikinta da ita, har kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Muddin tana tsaye, kabon ɗin yana tsare. Ranar da aka sare ta aka yi gawayi aka ƙona, ya koma inda ya fito. Ke nan abin da mai saye yake biya shi ne tsawon shekarun da za a yi ba a sa mata gatari ba. Ranar dashe ba a ajiye komai ba tukuna.

Maganar yaushe ya kamata a sare daji tsohuwa ce. A 1849 wani Bajamushe masanin gandun daji, Martin Faustmann, ya fitar da lissafin da har yau ake koyarwa. Itace yana saurin girma da ƙuruciya, daga baya girman ya ja baya. Idan darajar da dajin zai ƙara baɗi ba ta kai ribar da mai shi zai samu in ya sare bana ya juya kuɗin, ya kuma sake dasa filin ba, to lokacin sara ya yi. Duk inda bashi ke da tsada, ko mai dajin na cikin matsi, lissafin yana ingiza shi ya sare da wuri. A 1976 Richard Hartman ya ƙara abin da Faustmann bai sa ba: daji yana da amfani ko yana tsaye. Kuɗin kabon farashi ne da aka ɗora wa wannan tsayuwar, don jinkirin sara ya zama yana biya.

Ƙasar Niyu Zilan ta sa dazuzzuka cikin kasuwarta ta kabon tun 2008. A tsarin da suka fara da shi, ana ba mai daji takardu yayin da itatuwansa ke girma, ranar da ya sare kuma sai ya mayar da takardun kabon ɗin da ya saki. In ya riga ya sayar ya ci kuɗin, sai ya sayo wasu a farashin ranar. Da farashin ya hau, wasu suka ga gara kada su sare sam, aka riƙa mayar da wuraren kiwon tumaki daji, makiyaya suna kuka.

Wannan ɓangaren na mayarwa shi ne masu magana a wajenmu suke tsallakewa, kuma a ganina rashin adalci ne. Magidancin da darbejiyarsa ita ce abin da zai sayar in ciwo ya zo ko rumbu ya ƙare, ana neman ya sa hannu cewa ba zai taɓa ta ba. Har shekara nawa? In gobarar daji ta cinye, ko wani ya sare da dare, wa zai biya? A kasuwar Kalifoniya ta Amurka, wa'adin da ake ɗaure mai daji da shi shekara 100 ne.