Tabar Kuba ta musamman: ƙarin kuɗin da ake zubawa a kanta ya kai kuwa?

Maganar nan a kan ƙatuwar tabar nan ce da ake naɗewa da hannu da ganye zalla, babu takarda babu audugar tacewa, wadda mutanen Kuba ke kira habano ko puro. Duk wanda ya taɓa leƙa shagon sayar da ita a filin jirgin Dubai ko Landan zai ga kara biyu a jere, tsayi ɗaya kauri ɗaya suna ɗaya, amma ɗaya na da ƙarin zoben takarda a wuya kuma kuɗinsa ya ninka na ɗan'uwansa. Tambayoyin da mutane ke yi a kan wannan zobe na biyu ke nan.

Wai me ake nufi da "ta musamman" ɗin ma tukun?

A Kuba kamfani ɗaya ne ke fitar da duk tabar zuwa waje, Habanos S.A., wanda aka kafa a 1994, kuma shi ya raba abin aji-aji. Akwai na yau da kullum da ake naɗawa duk shekara, irin su Montecristo No. 4 da Partagás Serie D No. 4. Sai Edición Limitada da aka fara a 2000, mai zobe baƙi da ruwan zinare ɗauke da shekarar da aka fitar, ita da farko ganyen rufi kawai ake kwantarwa shekara 2, daga 2007 ne aka ce duk ganyen da ke cikinta sai ya yi shekara 2 a ajiye. Sai Reserva, ganyenta shekara 3 aƙalla. Sai Gran Reserva, shekara 5. Waɗannan biyun na ƙarshe duk ganyen daga girbin shekara ɗaya yake fitowa kuma ana rubuta shekarar, shi ne zaka ga an sa Cosecha 2003 misali, cosecha ɗin girbi kenan da Sifaniyanci. Akwai kuma Edición Regional da ta fito a 2005 wadda ake yi wa ƙasa ɗaya ko yanki ɗaya, ita ba a ma yi alƙawarin ƙarin shekarun ganye a kanta ba, ƙarancinta ne kawai abin sayarwarta.

To kwantar da ganyen nan yana canza wani abu da gaske ko dai dabarar 'yan kasuwa ce?

Yana canzawa, wannan kam babu ja. Ganyen taba bayan an shanya shi a rumfa ana tara shi tsibi-tsibi ya yi zafi da kansa ya tsumu, a nan ne wani wari mai hawa hanci irin na amoniya ke fita, sannan a ɗaure shi dami-dami a ajiye. Iya daɗewarsa iya raguwar maƙaƙin da yake sawa a maƙogwaro, ɗanɗanon ya haɗe ya daina fizga. Duk wanda ya san bambancin goro sabon zuwa da daushe ya gane zancen, abu ɗaya ne amma lokaci ya gyara ɗaya.

Sai dai ga inda mutane ke ruɗewa. Su na yau da kullum ɗin ma ba ɗanyen ganye aka naɗe ba. Kara ɗaya haɗin ganye ne kala-kala: volado daga ƙasan shuka wanda ke sa wuta ta ci, seco daga tsakiya mai ƙamshi, ligero daga sama mai ƙarfi, sannan ganyen ɗauri, sannan ganyen rufi da ake nomawa a ƙarƙashin yadi don ya fito sumul. Shi ligero ko a karan yau da kullum sai ya yi kusan shekara 2 a ajiye kafin a taɓa shi. Kaga kenan tazarar da ke tsakanin na kullum da Limitada ba wata tazara bace mai nisa kamar yadda farashin ke nunawa, inda tazarar ta fara zama ta gaske shi ne a Gran Reserva mai shekara 5.

Idan bambancin ganyen bai kai haka ba, kuɗin ina yake tafiya?

Ƙaranci. Cohiba, wadda ita ce mafi shahara cikin sunayen tabar kamfanin, nau'inta Siglo VI Gran Reserva Cosecha 2003 da aka fitar a 2009, akwati 5,000 kacal aka yi, kowane da kara 15, kowane akwati da lambarsa, baƙi wuluk yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Partagás Serie D No. 4 Reserva da ta fito a 2005 ita ma akwati 5,000 ne masu kara 20. Ka raba akwati dubu biyar ga duk masu kuɗin duniya daga Madrid zuwa Hong Kong ka gani ko zai isa. Shagon da ya samu akwati uku ko huɗu ba zai ma ɗora su a kanta ba, tsofaffin kwastomominsa zai kira a waya.

Kamfanin ma yana da tasa hujjar, dole a faɗa, ganyen da ka ajiye shekara 5 jari ne da ka daskarar, ga kuɗin sito ga masu kula ga asarar abin da ya lalace, kuma ana cewa ƙwararrun masu naɗi ne ke yin irin waɗannan. Amma wannan ba zai kai ninki uku ko huɗun da ake gani a farashinta ba. Ragowar kuɗin akwati ne da zobe da lambar da aka buga, da kuma daɗin da mutum ke ji idan ya ce wa abokai yana da abin da ba su da shi.

Akwai wata hujja da ke nuna na kullum bai gaza na musamman ba?

Akwai, kuma ni a wajena ita ce ta kashe bakin zancen. Kamfanin da kansa idan wata Limitada ta karɓu sai ya mayar da ita ta kullum. Hoyo de Monterrey Epicure Especial a 2004 ta fito a matsayin Limitada, H. Upmann Magnum 50 kuma a 2005, zuwa 2008 duk biyun sun shiga jerin na yau da kullum. Partagás Serie D No. 5 Limitada ce a 2008, a 2011 ta zama ta kowa da kowa. Masu tara kaya za su ce ai ba ɗaya bane, ta farkon ganyen rufinta ya fi duhu kuma ya fi daɗewa, kuma gaskiyarsu ne, Limitada da ganyen saman shuka ake rufe ta shi ya sa take da duhu kamar gasasshen kofi. To amma siffar da aka yi ta layi a kanta jiya yau tana nan a kanta ana sayarwa da farashin gama-gari, wanda ya yi haƙuri ya samu.

Mutum zai iya sayen na kullum ya ajiye da kansa har ya tsumu?

Abin da tsofaffin mashaya ke yi kenan. A ƙasan kowane akwatin Kuba akwai hatimi mai harufan masana'anta da wata da shekarar da aka zuba karan a ciki, sai mutum ya sayi akwatin Serie D No. 4 ya sa a akwatin katakon sida mai riƙe laima, ya manta da shi shekara 4 ko 5. Ba daidai yake da ganyen da ya tsumu a dami kafin naɗi ba, amma yana matsowa kusa sosai har da yawa ba za su iya bambancewa ba idan aka cire zoben. Kamfanin ma ya ga wannan kasuwar ya fito da layin Añejados, karan da aka naɗe aka bari a akwatinsu shekara 5 zuwa 8 kafin a sayar.

Matsalar ajiyar ce. Tabar na son laima wajen kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari da sanyi na digiri 16 zuwa 18. Wanda ya ɗauko akwati daga tafiya ya kawo Kano ko Damagaram ya ajiye a durowa, hunturu ɗaya ya isa ganyen rufin ya bushe ya tsattsage kamar diddigen da bai ga man kaɗe ba, idan kuma bazara ta shigo zafi ya ƙyanƙyashe ƙwan wani ɗan ƙwaro da ke cikin ganyen, ka buɗe ka tarar da ƙananan huji kamar na allura da gari a ƙasan akwati. Ƙwaron nan ba ya karanta zobe, Gran Reserva da Montecristo No. 4 duk ci ɗaya yake musu.

Wasu na cewa jari ne, ka saya ka ajiye kuɗinsa ya hau.

Wasu sun hau, ba ƙarya. Behike na asali, wani nau'in Cohiba da aka yi a 2006 don cikar Cohiba shekara 40, akwati 100 ne kawai masu kara 40 kowane, irin wannan sai a wajen gwanjo. Amma masu ba da wannan labarin ba sa kawo labarin Limitada da Regional masu yawa da suka fito suka wuce babu wanda ya waiwaye su. Sannan a 2022 kamfanin ya daidaita farashin tabarsa mai suna Cohiba da mai suna Trinidad a duk duniya da na Hong Kong, a wasu ƙasashen kuɗin ya ninka biyu har uku, a watan Satumbar shekarar kuma guguwar Ian ta afka wa Pinar del Río, lardin da shahararrun gonakin taba na Vuelta Abajo suke, ta rushe rumfunan shanya ganye bila adadin. Ga China da ta zama babbar kasuwarsu. Duk wannan ya sa na kullum ɗin ma ya yi tsada ya yi wuyar samu, wanda ya sayi Cohiba ta gama-gari kafin 2022 shi ma ya ga kayansa sun hau ba tare da zobe na biyu ba.

Na Nikaraguwa da Jamhuriyar Dominika fa, su ma suna rubuta Reserve a jikin nasu?

A nan sai an buɗe ido, don a ƙasashen da ba Kuba ba kalmar ba ta da wata doka, kowane kamfani zai iya buga ta a zobe ko ganyen wata shida ya yi. Akwai masu faɗin lissafinsu a fili, kamar kamfanin Padrón da ke naɗi a garin Estelí na Nikaraguwa: layinsu na kullum ganyen shekara 2 da rabi, 1964 Anniversary da suka fitar a 1994 shekara 4, 1926 Serie shekara 5, Family Reserve shekara 10. Wannan aƙalla ka san abin da aka ce ka biya. Wanda ya rubuta "iyakantacce" bai faɗi akwati nawa ya yi ba, bai faɗi shekarar ganye ba, to zobe ya sayar maka.

Jabu fa?

Iya tsadar abu iya yawan jabunsa, kuma Cohiba da zoben Limitada su aka fi kwaikwayo. Akwatin Cohiba mai murfin gilashi da ake tallata wa 'yan yawon buɗe ido a bakin teku jabu ne kai tsaye. Haka wanda zai tare ka a titin Havana ya ce ɗan'uwansa na aiki a masana'anta. Akwatin gaske na da hatimin gwamnatin Kuba kore mai ɗan madubi mai walƙiya da lambar da ake dubawa a shafin kamfanin, kuma shagunan La Casa del Habano, masu izinin kamfanin, su ne mafi aminci. Abin dariya ma har Limitada ta shekarar da ba a taɓa fitar da wannan siffar ba ana bugawa, mai saye da bai san jerin ba sai ya biya yana murna.

Tunda ganyen ya tsumu shekaru, illarsa ga lafiya ta ragu kenan?

Ko kaɗan. Abin da ya ragu maƙaƙi ne kawai. Ƙaton kara ɗaya na iya ɗaukar taba kwatankwacin ta kwalin sigari guda, kuma ko mutum bai zuƙa zuwa huhu ba hayaƙin na zama a baki, shi ya sa ake danganta ta da kansar baki da maƙogwaro da maƙoshi. Laushin ma na iya sa mutum ya ƙara daɗewa yana sha.

To a taƙaice, wa ya kamata ya biya ƙarin?

Wanda ya riga ya san ɗanɗanon Siglo VI ko Montecristo No. 2 na kullum sarai, har zai gane abin da shekara 5 ta ƙara, kuma yana da wurin ajiya mai kyau, shi idan ya sayi kara ɗaya ko biyu na Gran Reserva don ya kwatanta, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Mai neman kyautar da za ta burge babban mutum shi ma akwatin da lambarsa sun yi masa aikin da yake so. Amma wanda bai taɓa gama akwati ɗaya na gama-gari ba, kuɗin kara ɗaya na musamman zai sayo masa uku ko huɗu na Serie D No. 4, kuma idan aka cire zoben aka miƙa masa biyun a duhu da wuya ya nuna wanne ne mai tsadar.