Jeren haruffa da abin da ake iya mayarwa rubutu

A harsunan shirya manhaja, jeren haruffa, wanda masu sana'ar ke kira sitirin, shi ne nau'in bayanan da ke ɗauke da rubutu, kamar suna ko adireshi. Lambar waya ma a wannan rukunin take: lambar Ghana da ta fara da 024, in aka ajiye ta a matsayin adadi, sifilin farko ɓacewa yake yi.

Wata gardama ta taso a kansa domin kusan kowane abu a cikin manhaja yana iya bayyana kansa da rubutu. A harshen Java kowane abu ya gaji toString(), umarnin da ke mayar da shi rubutu, a harshen Python kuma akwai __str__. To, in wani aiki, wato wani sashen umarni na manhaja, ya nemi sitirin aka miƙa masa irin wannan abu, ya karɓa ko ya ƙi?

JavaScript karɓa take yi ba tambaya. Ɗalibi a Nima, cikin Accra, da ke rubuta wa shagon kawunsa manhajar rasit, zai ga amfanin hakan, har ranar da farashin "50" ya shigo a matsayin rubutu aka haɗa shi da sidi 20, rasit ya nuna 5020. Wani lokacin kuma, a gurbin sunan mai saye sai a ga [object Object]. Manhajar ba ta tsaya ba, ba ta kuma yi gargaɗi ba, kuma a nan ɓarnar take.

Python ƙi take yi: "50" + 20 kuskuren TypeError ne, wato kuskuren nau'in bayanai. Da aka shigo da pathlib, kayan aikin sarrafa hanyoyin fayil (wato adireshin fayil a kwamfuta), a Python 3.4 a 2014, an so umarnin buɗe fayil, open(), ya riƙa karɓar hanyoyin fayil na wannan sabon nau'i. Mayar da komai rubutu da str() zai fi sauƙi, amma da an bi wannan, None ma, alamar Python ta babu komai, sai ya zama fayil mai suna "None". Shi ya sa PEP 519, takardar shawarar gyaran Python, ta kawo __fspath__ a Python 3.6 a 2016, don abu ya faɗa da kansa cewa hanyar fayil ne.

Ruby ce ta fi fayyace bambancin. Tana da to_s ga duk abin da ake iya bugawa, da to_str ga abin da zai iya tsayawa a madadin sitirin. Adadi yana da na farko, ba shi da na biyu.

PHP 8.0 ta 2020 ta ba abubuwan da ke iya mayar da kansu rubutu suna, Stringable. Aikin da ya nemi sitirin yana karɓarsu, sai dai in an kunna strict_types, wato tsananta duba nau'in bayanai, a fayil ɗin da ya kira shi.